Yadda Za Ka Ci Zinaren Ƙanƙara Daga Bichi

Duk mai son cin zinare a gasar Olamfik ta lokacin sanyi ba tare da ya bar Bichi, Dambatta ko Kunchi ba, to ya jira hunturu. A Disamba da Janairu gero da dawa sun shiga rumbu, hazo ya lulluɓe gonaki, yatsu sun ƙage, rabin shiri ya kammala ke nan. Ɗan'uwa, sa rigar sanyinka, shafa mai a kaushi, ka nufi gidan gem. Ka roƙi mai shago ya ɗan sauke wasan ƙwallon PES ya ɗora Nagano Winter Olympics '98, wanda aka yi kan gasar da Japan ta karɓi baƙuncinta a 1998. Idan ya tsaya gardama, ka tuna masa cewa kamfanin Konami ne ya haifi duka biyun. In kuwa yana da na'urar Wii, akwai Mario & Sonic at the Olympic Winter Games na 2009.

Ka fara da tseren amalanken ƙanƙara, domin a nan ɗan manomi ya fi ɗan birni. Wanda ya saba riƙe garma bayan shanu ya san fizga ba ta miƙe kunya, sai hannu mai natsuwa da idon da ke hango ƙarshen gona. Haka tuƙin yake: ka karkata tun kafin kwana ta iso, kada ka bari gefe ya goge ka, don kowane karo yana cin daƙiƙa. Akwai kuma wasan da ake tura dutse a bi gabansa da shara don ya ƙara nisa. A wannan kada ka yarda ka kara da ƙanwarka, ta riga ka sanin tsintsiya.

Wani dattijo zai ce, me ya haɗa mu da dusar ƙanƙara? Baba, da girmanka, tambayar ta samu amsa tun 2018 a PyeongChang ta Koriya ta Kudu, inda Seun Adigun, Ngozi Onwumere da Akuoma Omeoga suka ɗaga tutar Najeriya a tseren amalanke, Simidele Adeagbo kuma ta sulala kai a gaba. Adigun da amalanken katako ta fara atisaye a Houston ta Amurka, garin da zafi ya fi yawa. A 2022 Samuel Ikpefan ya bi sahu a Beijin. Yaron da ya taɓa wasan a allo zai gane abin da waɗannan suka yi, ya kuma san ƙasarsa na ciki. Mai cewa ɓata lokaci ne yana da gaskiya idan aka bar ban ruwan tumatir a madatsar Watari ko ta Tomas aka zauna gaban talabijin, shi ya sa sai an tashi daga fadama ake shiga fili, kiran magariba kuma shi ne usur na ƙarshe.

Masu gidajen gem, don Allah ku ajiye faifan ƙanƙara ko ɗaya ne kusa da na ƙwallo kafin sanyin bana ya wuce.