Ba A Auna Mutum

Har yanzu fatar cinyata ba ta daina raɗaɗi ba, amma gara in rubuta da kaina kafin 'yan unguwarmu su ƙara wa labarin gishiri.

Ni mutumin Injamena ne, garin da in kana neman teku sai ka keta Kamaru tun daga Kuseri har Duwala. Tafkin Chadin ma da muke taƙama da shi, a wurare da yawa dogon mutum zai tsaya a ciki kansa na waje. Duk da haka Allah ya jarrabe ni da son nutso. Na ɗanɗana a Bahar Maliya lokacin wani aiki a Masar, abin ya shiga raina. Da wani Bafaranshe zai bar gari ya sa kayansa a kasuwa, sai na kwashe duka: tulun iska, tiyon numfashi, tabarau, takalman ninkaya, rigar roba mai kaurin milimita 5, da ɗamarar darma mai kilo 8. Na yanki tikitin Alkahira, daga can sai Dahab.

Tikitin ya ba ni akwati biyu, kowanne kilo 23. Na farko maiɗakina ta riga ta cika shi da saƙon 'ya'yan dangi da ke karatu a Azhar, kilishi da kuka da busasshiyar kuɓewa, wanda kuma ya taɓa wannan akwatin ya taɓa aurensa. Na biyu na ɗora a sikelin filin jirgin Hassan Djamous, ya nuna 47. Ma'aikaciyar ta yi min bayani cikin ladabi: ko da kuɗi, akwati ɗaya ba ya wuce kilo 32, don mutane ne ke ɗagawa. Tulun kuma ba ya hawa jirgi sai an fitar da iskar an kwance kansa yadda za a leƙa ciki.

A nan Baba Alhaji ya shigo rayuwata. Dattijo ne fari tas da gemu, carbi a hannu, yana bayana a layi, ya kuma ji komai.

"Ɗana, kada ka fitar da iskar nan. Ƙara za ka yi. Abu in ya cika da iska sauƙi yake yi."

Na ce, "Baba, iskar da ke ciki ita kanta ta kusa kilo 3."

"Iska? Kilo?" Ya juya ya dubi mutanen layi don su shaida abin da boko ya yi wa yaran yanzu.

Tulun dai na miƙa wa ƙanena da ya rako ni, ya rungume shi a bayan babur ɗin kalando ya koma gida. Saura rarar kilo 10, kuma kuɗin da aka ce in biya a kansu a akwati na daban ya isa ragon layya. Baba Alhaji ya ja ni gefe ya rage murya.

"Ka taɓa ganin an ɗora fasinja a sikeli? Kaya ake aunawa, ba a auna mutum. Duk abin da ke jikinka, kai ne."

Wallahi har gobe ban ga ta inda zan karya wannan hujja ba. Na shiga banɗaki da rigar roba. An yi ta ne don ta riƙe zafin jiki a ruwan sanyi, mu kuwa muna cikin Afirilu, watan da zafin Injamena ke haura 40. Mai ita na asali siririn mutum ne, ni kuma tuwo bai taɓa yi min laifi ba. Na ja, na yi nishi, na ja, har zif ɗin baya ya hau. Na ɗaura ɗamarar darma a ƙugu, dunƙule huɗu masu kusurwa jere a kan baƙin maɗauri, na rufa da babbar riga ta shadda. Akwati ya nuna 23 daidai. Baba Alhaji ya gyaɗa kai.

Sai ƙofar bincike.

Na cire agogo, na cire waya da makullai, na zuba a tire kamar kowa. Na taka. Na'urar ta yi ƙara. Jami'in, saurayi ne mai fara'a, ya ce in koma in sake. Ta sake yi. Ya zo da 'yar sandarsa ta bincike yana bin jikina, da ta iso ƙugu sai ta kama kuka ba tsayawa. Ya sa hannu ya taɓa ta saman shadda. Ya ji abu mai tauri, mai kusurwa. Ya matsa gefe, ya ji wani. Ya kama bakin rigata da yatsa biyu ya ɗaga a hankali.

Ina so mai karatu ya tsaya a nan, domin ni ma a nan nake tsaye tun ranar. Ga mutum yana zubar da gumi kamar an kwara masa ruwa, idanunsa sun yi ja, numfashinsa sama-sama. A ƙarƙashin babbar rigarsa ga baƙin abu ya ɗame shi daga wuya har idon sawu. A ƙugunsa ga ɗamara da dunƙule-dunƙule. A bayansa ga wata igiya tana lilo, igiyar jan zif ce, amma wa ya sani? Kuma wannan gari ne da bai manta da 2015 ba, shekarar da aka kai hari hedikwatar 'yan sanda da babbar kasuwa. In da ni ne a wurin yaron nan, da tuni na kai unguwar Farsha da gudu. Shi bai gudu ba. Fara'ar ce kawai ta bar fuskarsa, ya saki rigar, ya ja baya taki biyu, ya ce in ɗaga hannu. Na ɗaga, amma robar ta riƙe hammatata, hannuwan suka tsaya rabin hanya, sai ka ce ina shirin kama wani. Bayana akwai ayarin mata masu tafiya Umara. Na ji salati ya tashi daga farkon layi ya bi har ƙarshe, wata kuma tana tattara jikokinta.

Ina ƙoƙarin haɗa bayani da Faransanci, bakina ya bushe, sai muryar Baba Alhaji ta ratso daga baya, da Hausa sannan da Larabci don kowa ya amfana:

"Ku kwantar da hankalinku! Guru ne! Maganin ƙarfe ne, na gado!"

Shef ɗinsu da ya iso a lokacin ya tambaya, cikin nutsuwa, me ya sa fasinja zai buƙaci maganin ƙarfe a cikin jirgi.

"A'a, to na ciwon baya ne," in ji Baba Alhaji. Ya ɗan yi tunani. "Ɗana, ka ce musu kai ɗan kokawa ne."

Aka ce in kwance ɗamarar da kaina, a hankali, in ajiye. Yatsuna na santsi, ta kuɓuce, kilo 8 na darma suka daki tayil. Rabin ayarin Umara suka durƙusa. Aka sa ta a na'urar haske, allon ya nuna baƙi ƙirin, domin hasken ba ya ratsa darma, wanda hakan bai taimake ni ba ko kaɗan. Aka ce in cire babbar riga. Na tsaya a tsakiyar fili cikin baƙar roba mai sheƙi, tumbi a gaba, hula zanna a kai, kamar tarwaɗar da aka ciro daga kogin Shari yanzun nan. Wata hajiya ta ce, "Wayyo, kuma da gemunsa."

Hotunan da ke wayata ne suka cece ni, ni a ƙarƙashin ruwa da kifaye. Shef ya duba, ya dube ni, ya sake dubawa, kafaɗunsa suka fara rawa. Ya ce darma ba za ta shiga cikin fasinjoji ba, robar kuma in je ɗaki in cire a duba. Zif ya ƙi sauka. Mutum biyu suka kama, ɗaya na ja ɗaya na riƙe da ni, Baba Alhaji yana bakin ƙofa yana ba da shawarar a shafa man gyaɗa.

A zauren jira ya zo ya zauna kusa da ni, ya ce laifina ɗaya, da a cikin hula na sa darmar, don ba a taɓa hular babban mutum. Na ce, "Baba, duk wannan sanin sirrin jirgi, kun daɗe kuna hawa ke nan."

"Ni? Hajjina ta ƙasa na yi, zamanin Tombalbaye, ta Abeshe a bayan akori-kura har Sudan. Yau ne farkon hawana. Ɗana, wai ta wace ƙofa ake shiga?"