Maki Biyu Kacal, Alhaji

Na san halinku. Tun ban rufe baki a kan gini da kayan da aka sake sarrafawa ba, Alhaji mai filaye ya taɓe baki: "Ni za a yi wa gida da tarkacen bola?" A can gefe kuma ga Malam ɗan boko, mai gani har hanji, yana cewa ai Turawa ne suka ƙirƙiro lambar yabo don su sayar da shara da tsada. To ku gyara zama, kowa da rabonsa.

Alhaji, da kai zan fara. Rodin da ke riƙe da benenka, daga ina kake tsammanin ya fito? Yawancin masana'antun ƙarfen ƙasar nan tsofaffin ƙarafa suke narkewa, irin waɗanda 'yan gwangwan ke lodawa a tirela. Ƙila dai wata tsohuwar Fijo ce ke ɗauke da ɗakinka, kana ta sharar barci a ƙarƙashinta. Kuma idan ƙyama ce, a Landan da aka gina filin wasannin Olamfik na 2012, da rarar bututun gas aka haɗa zoben rufinsa, ba a kuma ji wani ɗan tsere ya ƙi gudu ba.

Kai kuma Malam, da kake ganin da shara ake sayen lamba, zo mu yi lissafi. Tsarin LEED na Amurka, mai ba gine-gine irin wannan lambar, maki 110 ne gaba ɗaya. Da 40 ake cin jarrabawa, 50 azurfa, 60 zinariya, 80 kuma ƙololuwa. A bugun 2009, kayan da aka sake sarrafawa nawa suke kawowa? Idan sun kai kashi 10 cikin ɗari, maki ɗaya. Idan sun kai kashi 20, maki biyu. Iyakarta ke nan. A daidai lokacin, rage cin wutar lantarki shi kaɗai yana iya ba da maki 19. Wanda duk ya ce maka da bola ya ci zinariya, ka tambaye shi ina ya samo sauran 58 ɗin.

Maki biyun ma ba a tsinto su a hanya. Shara a wurin masu tsarin iri biyu ce. Wadda ta riga ta yi aiki a hannun jama'a, kamar tsohuwar mota ko kwalba, ana ƙirga ta cif. Wadda ta fito daga masana'anta ba ta taɓa zuwa hannun kowa ba, kamar tokar kwal ko kashin maƙera da ake gaurayawa da siminti, rabi ake ba ta. Gutsattsarin da masana'anta ta share a ƙasa ta mayar cikin tukunyarta kuwa, ko sisi. Haka ya kamata, don mai ƙosai ba ta neman a yi mata guɗa saboda ta mayar da ƙullun da ya maƙale a ludayi.

Ga inda ni ma nake ɗan ɗaga gira, Malam, kada ka ce ban ba ka komai ba. Da kuɗi ake awon, ba da nauyi ba. Ka farfasa tsohon kankare ka yi ciko da tifa-tifa, a takarda ba zai taka kara ya karya ba, tunda araha ne. Amma ƙarfe, mai tsada, ko ba ka kawo shaida ba sai a ɗauka kashi 25 nasa tsoho ne. Ka sayi na dala 1,000, an rubuta maka 250 kana zaune. Shi ya sa benen ƙarfe ke tsallake wannan shinge yana murmushi. Wayoyin lantarki da bututun famfo kuma an ce kada ma a sa su a lissafin.

Su ma masu tsarin sun ga hakan. Da suka fito da LEED v4 a 2013, sai suka rushe wannan makin suka cusa shi cikin wani babi mai faɗi, inda ake tambayar asalin kaya da takardar da ke bayyana illar da yin su ya yi wa muhalli. Tsarin EDGE na IFC, reshen Bankin Duniya, ya bi wata hanya: a rage kashi 20 na wuta, na ruwa, da na abin da kayan ginin suka ci kafin su iso fili.

Sai dai duk inda ka juya, takarda ake nema. Don haka Alhaji, tsohuwar ƙofar nan da kwanon rufin da ka sa birkila ya ciro daga gidan da ka rusa, ka liƙa su a ɗakin maigadi a ɓoye, su ma suna da nasu makin daban na sake amfani da kaya. Da fatan dai ka rubuta nawa ne kuɗinsu. Af, ashe ma cewa ka yi kai ba ka gini da tarkace.