Sannunku da Ƙoƙari, Masu Rabon Lafiya

A gaishe ku, masu riƙe da lafiyar talaka. Ƙasar Zuru na miƙo godiya.

A 2001 shugabannin Afirka suka taru a Abuja, suka yi alkawarin ware kashi 15 cikin ɗari na kasafin kuɗi don kiwon lafiya. Gwamnatin tarayya, mai masaukin baƙi, ta adana alkawarin nan a ƙasan akwati. Ko sau ɗaya ba ta fito da shi ba, kada ya yi ƙura.

Ku dubi gatan da kuka yi wa mai naƙuda a ƙauyukan Danko/Wasagu da Sakaba. Ba ku takura mata da motar asibiti ba. A babur ake ɗora ta, tsakanin mai tuƙi da mijinta, zani na jiƙewa da jini. In dare ne, ta daure sai gari ya waye, tunda kun bar wa 'yan bindiga hanya. Ɗakin shan maganin garinsu da kwaɗo a ƙofa, ma'aikacin ya tsere da ransa, kuma wa zai ga laifinsa? Ta iso Zuru, a miƙa wa maigida takarda: safar hannu, auduga, ledar ruwa, jini. Ya je ya sayar da buhun dawar da ya rage. Ciwo ya gagara, a ce sai Birnin Kebbi ko Sakkwato, ramukan hanya su ƙarasa aikin ungozoma.

Ga kuma Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014, wadda ta hana a ƙi karɓar mai larurar gaggawa. Doka kyakkyawa, da tsaftataccen Turanci! Tsohuwar da Dakarci kawai take ji ba ku wahalar da ita da sanin haƙƙinta ba.

Tausayinku ma abin yabo ne. Da kai ya sara sai Landan, don ku bar mana gadajen asibiti. A 2017 Shugaba Muhammadu Buhari ya yi fiye da kwana 100 a jere yana jinya can.

Wahalarku ba ta faɗi ƙasa banza ba, mun zo na ɗaya. A ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya, mata kusan 82,000 suka mutu a Najeriya sanadin ciki da haihuwa a 2020, fiye da rubu'in na duniya baki ɗaya.