Bayani a Kan Kafasitar Fanka da Abin da Ta Yi wa Wani Malami a Kafanchan

Kafasita wata 'yar na'ura ce mai faranti biyu na ƙarfe da aka raba da abin da lantarki ba ya ratsawa, aikinta kuwa shi ne ta tara caji ta riƙe, ko da an raba ta da wutar da ta cika ta. Ana auna girmanta da farad, sunan da aka ɗauko daga Michael Faraday na Ingila, kuma duk ɗalibin da ya shirya wa jarrabawar WAEC ya haddace cewa makamashin da ke cikinta shi ne rabin girmanta sau ƙarfin wutar sau ƙarfin wutar. Ta fankar silin yawanci maikrofarad 2.5 ce, wato kashi biyu da rabi cikin miliyan na farad guda. Wutar gida a Nijeriya bolt 230 ce, amma da yake hawa da sauka take yi, ƙololuwarta kan kai wajen 325, don haka iyakar abin da wannan kafasita za ta tara bai wuce jul 0.13 ba, gwargwadon abin da zai ɗaga ƙullin citta mai giram 100 tsawon santimita 13.

Wannan lissafi daidai yake, kuma wani malamin fiziks, wanda shi ne mai wannan rubutu, ya yi shi da ka a rumfar wani mai gyaran fanka a kasuwar Kafanchan, ya kuma bayyana shi da babbar murya ga mutanen da ba su tambaye shi ba. Abin da lissafin bai ƙunsa ba shi ne al'adar masu gyara ta gwada kafasita, inda sukan dangwala wayoyinta biyu a soket, sannan su haɗa su don su ji ko za ta yi ƙara. Mai gyaran ya cika kashi na farko, aka kira shi a waya, ya ajiye ta a kan benci. Malamin ya ɗauke ta domin ya nuna wa jama'a lambar da ke jikinta, waya ɗaya a hannun dama, ɗaya a hagu.

Masu bincike za su so a rarrabe abin da ya biyo baya daki-daki. Da farko gwiwoyin hannunsa suka naɗe ba da izininsa ba. Sannan ya bar benci ya yi sama, alhali nauyinsa ya ninka na ƙullin citta sau ɗaruruwa, abin da ilimi ke fassarawa da cewa wutar umarni kawai ta bai wa tsoka, jikin ne ya biya kuɗin tsallen daga aljihunsa. A ƙarshe, yana tsakiyar furta kalmar maikrofarad, bakinsa ya sauya ta da "Wayyo Inna!", da wata siririyar murya wadda iyalinsa ma ba su san yana da ita ba. Hularsa ta faɗa kwanon screw, takalminsa ɗaya ya tsaya inda yake, kuma a daidai wannan lokaci ne wata ɗalibarsa da aka aiko sayen kwan fitila ta rusuna ta ce, "Ina wuni, Malam." Ya amsa da ƙafa ɗaya a sama.

Tarihi ya tanadi ɗan abin rarrashi, domin a 1746 Pieter van Musschenbroek na birnin Leiden ya sha irin wannan daga kwalbarsa ta tara caji, har ya rubuta cewa ba zai sake ba ko da za a ba shi mulkin Faransa. Sai dai shi ba a gaban ɗalibarsa da masu sayar da doya abin ya same shi ba.

Mafi armashin taimako ya fito daga wani dattijo, tsohon ma'aikacin reluwe, wanda ya ce tun zamanin da jiragen Fatakwal da na Jos ke haɗuwa a tashar garin yake hulɗa da wuta. "Ɗana," in ji shi, "kuskurenka numfashi. Wuta ba ta kama wanda ya riƙe numfashinsa." Ya umarta a sayo madarar gwangwani a ɗura masa domin ta wanke ragowar wutar daga jini, a kuma tsayar da shi a kan yashi ba takalmi har la'asar, don abin da ya shiga ta hannu ya fita ta ƙafa. Da malamin ya soma bayanin cewa cajin ya riga ya wuce cikin ƙiftawar ido, dattijon ya dube shi da tausayi ya ce wa jama'a, "Kun ji ko? Ta taɓa kan."

Mai gyaran ya gama wayarsa, ya haɗa wayoyin biyu bai ji ƙara ba, ya tambayi abin da ya faru, sannan ya yanke hukunci cewa kafasitar lafiyarta ƙalau, matsalar fankar a koyil take. Bai rage ko naira ɗaya daga kuɗin gwaji ba.