Gwamnati ta san ka, kai fa?

Gwamnatin Najeriya tana matuƙar son sanin talaka. Ta ɗauki hoton yatsunsa goma a NIN, banki ya sake ɗauka a BVN, layin wayarsa ma sai da aka ɗaura masa aure da lambar ɗan ƙasa, in ba haka ba a toshe. Saura kawai a tambaye shi loma nawa ya yi daren jiya.

To, kai kuma je ka sakatariyar ƙaramar hukuma ka tambayi nawa aka turo daga Abuja, kuma ina suka shiga. Dokar 'yancin samun bayanai da Jonathan ya sa wa hannu a 2011 ta ce a ba ka amsa cikin kwana bakwai. Abin da za ka ji shi ne ciyaman ya tafi taro, mai makullin ofis ya tafi ta'aziyya. Wasu jihohin ma shekaru suka yi suna gardamar cewa dokar ta tarayya ce, ba ta shafe su ba.

Mai karɓar harajin kasuwa dai ba a taɓa yi masa rasuwa ranar kasuwa ba. In ya zo, malam, ka nemi rasit.