Yadda Za Ka Riƙe Yaran Shago a Kasuwar Libya Ba Tare da Ka Yi Furfura Ba

Ɗan'uwa, in Allah ya hore maka shago a Kasuwar Libya da ke Umbadda a ƙasar Sudan, kada ka zaci yaran Kantin Kwari za ka tarar. Mai jiran kanta daga Shandi ya zo, mai lissafi ɗan Darfur ne, mai dako daga duwatsun Nuba. Kai kuma Bahaushe, duk Fallata za su kira ka, ko da kakanka bai taɓa tatsar saniya ba. Ka amsa kawai, ciniki na jira.

Kada ka tsaya jiran yaro ya durƙusa maka. Nan sai a dafa kafaɗarka, a kama hannunka, a tambayi lafiyarka sau biyar, a kira ka "ya zol". Girmamawar ke nan.

Babban ofishinka shi ne tiren fatur, wato karin kumallo. Da hantsi ya dubi ludayi, wajen ƙarfe goma zuwa sha ɗaya, kowa zai ajiye aiki a kewaye kwanon ful, wato dafaffen wake, da burodi. Ka sauko daga kujera ka sa hannu. "Na ƙoshi" ɗin nan da aka koya mana a gida don kunya, ka bar ta a Kano. Ka faɗe ta a nan, sai wani ya rantse da sakin matarsa cewa sai ka ci. To, ka ci, ka ceci auren bawan Allah. Ranar Alhamis kai ma ka aika a sayo agashe, su tuna tsiren namu ne. A bakin tiren nan za ka ji wanda uwarsa ke kwance da wanda bashi ya hana barci, abin da ba za a taɓa faɗa maka a bakin kanta ba.

Kashegarin wasan ƙwallon Hilal da Marikh, kada ka haɗa magoya bayansu ƙirga dila ɗaya. In an ce maka "bukra", wato gobe, ka tambaya wace goben, cikin fara'a.

Sauran magana ɗaya, kuma ita ta fi nauyi. Tun yaƙin da ya ɓarke a Afrilun 2023, da wuya ka sami yaron da bai rasa wani ko wani abu ba. Kada ka tambayi kowa ƙabilarsa kafin ka ɗauke shi aiki, kada ka bari a yi wa wani gorin asali a shagonka, ko da sunan wasa ne. Aiki ɗaya, lada ɗaya, kuma a hannu kafin magariba. Don Allah ka riƙe wannan.