Masu Fatsa Iri-Iri a Bakin Dam

Masunta na gado, masu kwale-kwale da kalli da birgi, ba su cika ganin mai fatsa da gashi ba. A wurinsu, mutumin da zai tsuguna a gaɓa tun asuba da gora ɗaya da ƙugiya ɗaya yana jiran kifi ɗaya, ko dai ba shi da iyali, ko kuma iyalin ne suka ishe shi. Amma wanda ya taɓa zagaya bakin dam ɗin Tiga ko na Challawa ranar Asabar ya san jama'ar nan ba kaɗan ba ne. Kayan aikinsu duka-duka gora ce da zare da ƙugiya da 'yar darma, sai abin da ke yawo a saman ruwa yana tsegunta abin da ke gudana a ƙasa, galibi totuwar kara ko guntun tsohon silifa. Yadda kowa ya haɗa waɗannan kuwa ya isa ya gaya maka halinsa tun bai buɗe baki ba.

Akwai Alhaji mai dogon buri. Shi giwan ruwa ya zo kamawa, ba wasan yara ba. Ya ji cewa kifin da ya ci gasar Argungu a 2020 ya kai kilo 78, tun daga ranar ya daina kallon ƙananan ƙugiyoyi a kasuwa. Ya manta cewa a Matan Fada, inda ake gasar, da homa da hannu ake kamu. Sai ya ɗauro ƙugiyar da za ta iya rataye cinyar sa a rumfar mahauta, ya soka mata tana ɗaya, ya jefa. Karfasa kuwa bakinta ƙarami ne, ba ta haɗiya sai tsakura. Su taru su cinye tanar tas, su bar masa ƙarfensa yana sheƙi. Haka zai wuni yana ciyar da kifin dam kyauta. In ana ba da lada a kan wannan, Alhaji ya yi nisa.

Kusa da shi akwai mai gaggawa, wanda da totuwa ta ɗan girgiza zai fizge gora da duk ƙarfinsa. Ba ya bambance iska da kifi. Bai san karfasa takan yi ta rawa da totuwa kafin ta kama da gaske ba, tarwaɗa kuma in ta ɗauka sai ta nutsar da ita ta ja gefe, a nan ne ake ɗagawa. Zuwa azahar ya kama reshen bishiya sau da dama, ya kama hular maƙwabcinsa, ya kusa kama kunnensa.

Wanda ya fi ba ni nishaɗi shi ne ɗan boko mai wayar hannu. Ya kwana a YouTube yana kallon Turawan Ingila masu fatsa a bakin magudanan ruwansu, ya zo da darasi cike da baki. Zai gaya maka gorarsu takan kai mita 13 zuwa 16, gaɓa-gaɓa ake harhaɗa ta, ga roba mai talewa a cikin tsininta don kada kifi ya tsinke zare. Zai ce abin yawonsu da giram ake auna shi, lambar ƙugiya kuma in ta hau girmanta raguwa yake yi, wato mai lamba 18 ta fi mai lamba 6 ƙanƙanta nesa ba kusa ba. A yi masa adalci, ya faɗi gaskiya a wuri biyu. Na farko, a auna zurfin ruwa kafin komai, a ɗaura darma mai nauyi a sauke ta har ƙasa, sannan a matsar da totuwa ta yi daidai da inda kifi ke kiwo. Na biyu, a daidaita nauyin darma da totuwa har ya zama ɗan kanta kawai ke leƙowa, yadda taɓawa kaɗan za ta nuna. Inda ya yi kuskure shi ne zaren da ya kwaikwayo, siriri ne ƙwarai, tarwaɗar kilo uku kuwa ba ta kalli bidiyon ba. Sannan ga babban abin kunya: in ya samu ya kama karfasa, sai ya ɗauki hoto da ita ya mayar da ita ruwa, wai haka ake yi a can. Wani dattijo da ya ga wannan ya ajiye gorarsa ya matso a hankali, ya ce, "Ɗan nan, lafiya kuwa? In ba ka ci ne, ai mu muna ci."

Tun daga nesa hancinka zai sanar da kai zuwan mai sirrin gwangwani. Abin da ke ciki dusa ce da ƙuliƙuli da daddawa da hanjin kaza, an rufe an bar su sun kwana uku a rana. Ba ya faɗin ma'aunin haɗin ko ga ɗan cikinsa, kuma babu wanda ya tambaya. Ilminsa ba ƙarya ba ne, domin tarwaɗa da sansane da gashin baki take neman abinci a ƙasan ruwa, musamman da magariba da dare. Sai dai shi da rana tsaka yake zuwa, saboda uwargida ta ce gwangwanin ba zai ƙara awa ɗaya a gidanta ba.

Malam mai duba yanayi kuwa gorarsa ta fi ta kowa kyau, don ba ta taɓa jiƙewa ba. Da hunturu ya ce ruwa ya yi sanyi, karfasa ba ta ci. Da bazara ya ce zafi ya kora kifi zurfi. Da damina ya ce ruwa ya yi ja. Kowace magana tasa da ƙamshin gaskiya, shi ya sa ba a iya kayar da shi a gardama. Abin da ba ya faɗa shi ne jan ruwan bayan an ɗauke sama lokacin tarwaɗa ne, kuma ko da bazarar akwai sanyin safiya, in mutum zai iya rabuwa da katifa.

Mai laya a jikin gora ba ya buƙatar dogon bayani. In ka ce masa "An samu kuwa?" ka karya masa sa'ar ranar, kuma zai riƙe ka har baɗi. Tsatsar da ta cinye bakin ƙugiyarsa ba ta taɓa shiga lissafi ba.

Sai na ƙarshe, wanda bai zo da gora ba, bai zo da tana ba, ya zo da baki. Yana tsaye a bayanka hannu a goye: "Malam, ɗaga! A'a, bari tukuna. Kash, da ka ɗaga!" Shi ne kuma mai labarin wani kifi da ya kuɓuce masa, wanda a cewarsa yana cikin Tiga tun da aka kammala dam ɗin a 1974, zamanin Audu Bako. Bara kifin tsawon hannu ne, bana ya kai tsawon mutum. Da la'asar za ka gan shi ya nufi gida da tarwaɗa biyu a leda, da zanen raga ɓaro-ɓaro a wuyansu, zai kuma rantse da ƙugiya ya kamo su.

Mai karatu, in Asabar mai zuwa ka yi niyya, ka sayi ƙananan ƙugiyoyi, ka haƙo tana a wuri mai laima, ka isa kafin rana ta ɗaga. Ka zauna ta inda iska ke fitowa, ka bar mai gwangwani a ƙasanka. In kuma kurungu ne ya fito, kada murna ta sa ka damƙe shi da hannu: ƙayoyinsa uku ne, ɗaya a baya, biyu a gefe, kuma in ya miƙe su kullewa suke yi.